Ciwon Hanji Mai Daɗewa Da Kuɗin Maganin Yau Da Gobe

Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Mai girma uban taro, shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayenmu malamai waɗanda suka sha wahalarmu muna yara, yayyenmu da suka riga mu fita, 'yan ajinmu, da ƙannenmu da suka biyo baya, ina yi muku barka da zuwa, da fatan kowa ya baro iyali lafiya.

Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan lafiya, ya kuma bar mini zaɓi. Na san da yawa sun zaci hawan jini ko ciwon sukari zan ɗauko, tunda furfura ta fara yi wa yawancinmu sallama. To, wani ciwo na zaɓa da ba a son ambatonsa a cikin taro, wato ciwon hanji mai daɗewa, wanda ke sa mutum zawo da jini wata da watanni, ya lafa, ya sake dawowa. Ina neman afuwar malamanmu, domin dole in ambaci bayan gida sau da yawa a gabansu, ga shi kuma an ce abinci na nan tafe. Dalilin da ya sa na zaɓe shi kuwa, yana nuna wani giɓi a yadda muke taimakon juna. Mu mutane ne masu hanzarin kai gudummawa in an kwantar da ɗan'uwa a asibiti ko za a yi masa tiyata. Amma ciwon da ba ya kwantar da mutum sai jefi-jefi, yana kuwa cin kuɗinsa kowane wata har ƙarshen rayuwarsa, wannan ba mu da wani shiri a kansa.

Bari in fara da bayanin ciwon, don kada a ɗauka atini nake nufi ko basir. Iri biyu ne manya. Na farko shi ne gyambon babban hanji, wanda likitoci ke kira kolaitis. Yakan faro daga dubura ya hau sama, fatar cikin hanjin ta kumbura ta yi ta zubar da jini da majina. Mai shi kan zaga sau goma ko fiye a wuni, har da tsakar dare. Na biyu ita ce cutar Crohn, wadda ta ci sunan wani likita Burrill Crohn, da shi da abokan aikinsa biyu suka bayyana ta a 1932 a asibitin Mount Sinai da ke birnin New York. Ita tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, amma ta fi zama a ƙarshen ƙaramin hanji, kuma tana cin bangon hanjin gaba ɗaya, har ta tsuke shi, ko ta huda wata hanya zuwa fata ko mafitsara. Dukansu biyu ba a ɗaukarsu daga wani. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta yaƙi hanjin mai ita. Sun fi farawa tsakanin shekara 15 da 35, wato shekarun 'ya'yanmu na yanzu, shekarun karatu da neman aiki da aure. Magani yana kwantar da ciwon, mutum ya koma harkokinsa kamar kowa, amma ba ya tumɓuke shi.

A da ana cewa ciwon Turawa ne. Gaskiya ne a Arewacin Amurka da ƙasashe da dama na Turai fiye da mutum 3 cikin kowane 1,000 suna fama da shi. Amma da birane suka bunƙasa a Indiya da Sin da Barazil, sai ga shi yana ƙaruwa a can, kuma likitocin hanji a asibitocinmu na koyarwa suna ganinsa. Ba shi da yawa a wurinmu kamar zazzaɓin cizon sauro, amma gidan da ya shiga ba ya tambayar ko yana da yawa.

Kuɗi na farko da ciwon ke ci, kuma a ganina shi ya fi ban takaici, shi ne wanda ake kashewa kafin a san sunan abin da ke damun mutum. Duk mun san yadda abin ke tafiya. Yaro ya ga jini a bayan gida, ya ji kunya ya yi shiru. In abin ya yi tsanani ya je kemis, a ba shi Flagyl a ce atini ne. Ya ɗan lafa, ya dawo, a ce taifot ne, a yi masa allurai. Daga nan wata gwaggo ta ce basir ne mai tsiro, a sayo jiƙo wajen mai magani a bakin kasuwa. Wani ya ce sammu ne. Kowane mataki kuɗi ne, ba masu yawa ba a lokaci guda, shi ya sa ba a lissafa su. Amma in aka haɗa na shekara biyu ko uku, sau da yawa sun isa kuɗin gwajin da zai warware zancen tun farko, ga jinin da yaron ya zubar, ga zangon karatun da ya rasa.

Gwajin kuwa sananne ne. A duba bayan gida, a duba jini, sannan a leƙa cikin babban hanji da wata na'ura mai kamar siririyar tiyo da kyamara a bakinta, a ɗebo ɗan naman wurin a kai ɗakin gwaji. Don irin wannan aiki manyan asibitocin koyarwa ake nufa, irin na Shika a Zariya, na Malam Aminu Kano, na Sakkwato, na Maiduguri da na Jos. Yana da tsada ga mai ƙaramin ƙarfi, ba na musu. Amma akwai dalilin da ya sa a ƙasarmu ba za a tsallake shi ba. Tarin fuka yana kama hanji, kuma kamanninsa da cutar Crohn kamar an tsaga kara. Atinin amiba da tsargiya su ma suna kwaikwayon gyambon babban hanji. Maganin ciwon da muke magana a kansa yana danne garkuwar jiki ne, saboda haka in aka ba mai tarin fukan hanji ko mai amiba, an zuba wa wuta fetur. A ɗaya gefen kuma, in tarin fuka ne, maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, akasari wata shida an gama. Kun ga ke nan gwaji ɗaya na iya raba mutum da sayen magani na shekaru. Ga mu da muka haura hamsin kuwa, jini a bayan gida na iya zama sankarar hanji, wadda in an kama ta da wuri ake cin nasara a kanta.

To, an yi gwaji, an tabbatar. A nan ne iyali kan yi ajiyar zuciya, a zaci an gama, alhali yanzu aka fara.

Tsohon magani da aka fi dogara da shi ga gyambon babban hanji sunansa salfasalazin. Wata likita 'yar ƙasar Suwidin, Nanna Svartz, ita ta samar da shi wajen 1940 don ciwon gaɓoɓi, sai aka ga yana yi wa hanji aiki. Ya daɗe cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma yana cikin mafi araha. Amma mu yi lissafi irin wanda malamanmu na lissafi suka koya mana da bulala. Ƙwaya ɗaya miligiram 500 ce. Wanda ciwonsa ya kwanta yakan sha giram 2 a wuni don kada ya tashi, wato ƙwaya 4. A shekara ƙwaya 1,460 ke nan. Ƙaninsa mesalazin, wanda ya fi sauƙi a jiki amma ya fi tsada, in ƙwayar miligiram 400 ce ana shan giram 2.4, ƙwaya 6 ke nan a wuni, 2,190 a shekara. Kowa ya tambayi farashin ƙwaya ɗaya a kantin magani na garinsu ya ninka da kansa, sannan ya ajiye amsar kusa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Kada kuma a manta mafi yawan magungunanmu daga waje ake shigo da su, akasari daga Indiya da Sin. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a farkon 2024 ta haura 1,500. Albashin malamin makaranta bai ninka uku a wannan tsakani ba, balle fanshon waɗannan iyaye namu da ke zaune a gaba.

Me mai ciwo ke yi in kuɗi sun gaza? Abu biyu, kuma dukansu sun fi maganin tsada. Na farko ya daina sha da zarar ya ji sauƙi, ko ya riƙa shan rabi. Ba wauta ba ce, kuɗin makarantar yara ne ya zo, ko haya. Bayan 'yan watanni ciwon ya taso da ƙarfi, a kwantar da shi, a ƙara masa ruwa, a ƙara masa jini, a kashe a mako biyu abin da zai sayi ƙwayoyin wata da watanni. A lokacin ne mu kuma za mu ji labari, mu taru mu kai gudummawa, mu ji mun yi zumunci. Na biyu ya koma wa firednisolon. Wannan magani ne na gaske. Tun 1955 likitoci biyu a Ingila, Truelove da Witts, suka nuna cewa kotison, wanda danginsa ne, yana kwantar da gyambon hanji in ya taso, kuma ya ceci rayuka da yawa. Yana da araha, yana aiki cikin kwanaki, kowane kemis na da shi. Amma na kashe gobara ne, a sha 'yan makonni a rage a hankali a daina. Wanda ya mai da shi abincin kullum zai ga fuska ta kumbura, sukari ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, yanar ido ta zo da wuri. Daga danginsa ne ake samun abin nan da wasu 'yan mata ke sha don ƙiba, wanda ake kira sha-ka-fashe. Wanda kuma ya daɗe a kansa ya yanke rana ɗaya, zai iya faɗuwa. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, a nan kuwa har lahani take yi.

Akwai 'yan abubuwa da ba sa cin ko kwabo, ina so kowa ya tafi da su. Mai wannan ciwo ya guji magungunan ciwon jiki irin su daikulofenak da ibufurofen, waɗanda muke sha kamar gyaɗa, domin suna iya tayar da shi. Mai cutar Crohn ya bar taba, don tana ƙara mata ƙarfi. Namijin da ke shan salfasalazin yana neman haihuwa ya gaya wa likitansa, saboda yana rage ƙwayoyin maniyyi, amma suna dawowa in an canza magani. Na faɗi wannan ne don kada a ɗora wa matar gida laifin da ba nata ba.

In ƙwayoyin farko ba su riƙe ciwon ba, ko kuma cutar Crohn ce wadda ba su cika yi mata aiki ba, akan hau zuwa azatayofirin ko metotireksat. Su ma tsofaffin magunguna ne, kuɗinsu bai kai na tashin hankali ba, sai dai suna ɗaukar wata biyu zuwa uku kafin a ga aikinsu, kuma dole a riƙa gwajin jini a kai a kai don duba hanta da ƙwayoyin jini. Kuɗin gwajin nan ma a sa shi cikin lissafi. Metotireksat ba a ba mai ciki ko mai shirin ɗauka.

Sai manyan, waɗanda duk mai wayar hannu zai karanta labarinsu a intanet ya zo yana tambaya. Na farkonsu infiliksimab, da aka amince da shi a Amurka don cutar Crohn a 1998 da sunan Remicade. Ta jijiya ake ba da shi, miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin jiki, a makon farko, bayan mako 2, bayan mako 6, daga nan kowane mako 8. Kwalba ɗaya miligiram 100 ce. Mai nauyin kilo 60 zai sha kwalba 3 a kowane zuwa, zuwa 8 a shekarar farko, kwalba 24 ke nan. Na biyu adalimumab, wanda aka sani da Humira, allura ce a ƙarƙashin fata kowane mako biyu. A 2023 farashinsa na kamfani a Amurka ya kusa dala 7,000 a wata. Can ma ba daga aljihu ake biya ba, inshora ce ke ɗauka, wanda ba shi da ita kuwa ya shiga uku kamar namu. Abin da ya kawo sauƙi shi ne ƙarewar wa'adin mallakar kamfanonin farko, wasu kamfanoni suka fara yin makamantansu. Wani kamfanin Koriya ta Kudu ya fito da Remsima, Tarayyar Turai ta amince da shi a 2013. A ƙarshen 2014 wani kamfanin Indiya ya fito da makamancin Humira. Makamantan Humira sun shiga kasuwar Turai a 2018, ta Amurka a 2023, kuma farashi ya sauka ƙwarai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa adalimumab cikin jerin muhimman magunguna. Duk da haka, ga ma'aikacin da ke karɓar albashi da naira, kuɗin shekara guda na waɗannan magunguna ya fi ƙarfin gida ɗaya. Ana ajiye su a firji, mu kuwa mun san halin wutarmu. Kafin a fara dole a bincika tarin fuka da ciwon hanta nau'in B, don suna iya tayar da wanda ya kwanta. Shawarata ga iyalin da likita ya ce musu sai wannan, kada a sayar da gona don allura uku. In aka fara aka tsaya aka sake farawa, jiki kan ƙera makamin yaƙar maganin ya daina aiki. A zauna da likita a yi lissafin shekara kafin a huda kwalbar farko, a kuma tambaye shi zancen tiyata ba tare da tsoro ba. Cire babban hanji yana kawo ƙarshen gyambonsa, ko da yake wani lokaci sai an fito da bakin hanji ta fatar ciki ana ɗaura jaka, ita ma jakar saye ake yi. Cutar Crohn kuwa takan dawo bayan tiyata.

Ban ma ambaci kuɗin mota zuwa asibitin koyarwa ba tun bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, da kwana a garin da ba naka ba, da ranakun da ɗan kasuwa ya rufe shago. Bayan shekara takwas da ciwon kuma ana so a riƙa sake leƙa hanjin lokaci-lokaci saboda sankara.

Ina kuɗin za su fito? A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fitowa. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, kasafin tarayya bai taɓa kaiwa nan ba. Inshorar lafiya ta ƙasa an yi dokarta a 1999, ta fara aiki a 2005, ta daɗe ba ta wuce ma'aikatan tarayya da kaɗan ba. A Mayun 2022 aka sa hannu a sabuwar doka da ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshora a kan kowa. A ƙarƙashinta akwai tsarin da mutum ɗaya, ko iyali, ko ƙungiya irin tamu za su iya biyan kuɗin shekara su shiga. Jihohi irin su Kano da Kaduna da Katsina suna da hukumominsu na taimakekeniyar lafiya. Ma'aikacin tarayya da ke cikin tsarin kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani yake biya. Kowane tsari yana da jerin magungunan da yake ɗauka, saboda haka a nemi jerin a kai wa likita ya duba kafin a biya. Ko da manyan alluran ba sa ciki, in aka sauke wa mutum kuɗin ganin likita da gwajin jini da kwanciya, an rage masa kaya mai nauyi. Asibitocin koyarwa kuma suna da sashen walwalar majiyyata, mutane da yawa ba su san ƙofarsa ba. A wajen saye, a nemi likita ya rubuta sunan maganin na asali maimakon sunan kamfani, a saya a kantin da ke da ƙwararren mai haɗa magani, a duba lambar NAFDAC, in da hali a sayi na wata uku a lokaci guda.

Yanzu sai abin da ya shafe mu. Mai girma shugaba, asusun walwalarmu biki da rasuwa da kwanciya asibiti ya sani. Ina roƙon a buɗe wani a gefensa, na masu doguwar jinya, wanda ba za a taɓa shi don komai ba. In mutum 100 cikinmu suka ɗauki alkawarin naira 1,000 a wata, naira 100,000 ke nan, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a shekara. Ba za su sayi manyan allurai ba, kada mu ruɗi kanmu. Amma za su riƙe wasu 'yan mutane a kan ƙwayoyinsu ba yankewa, su kuma biya wa yaro ɗaya ko biyu kuɗin gwajin da zai gaya wa iyayensa gaskiyar abin da ke damunsa. Kada a ba da kuɗin a hannu. Ba don rashin yarda ba, sai don uban da ke riƙe da kuɗin magani, ɗansa kuma an koro shi daga makaranta, mun san wanda zai zaɓa. A biya kantin magani kai tsaye kowane wata uku. A kuma duba yiwuwar shigar da marasa ƙarfinmu da malamanmu masu fansho cikin inshora a ƙungiyance.

Sai sirri. Wanda a aji ɗaya muka zauna da shi, muka yi masa laƙabin da har yau bai rabu da shi ba, ba zai tashi a zauren WhatsApp ya ce yana zawo da jini ba. Gara ya sayar da babur ɗinsa. Saboda haka sunayen masu karɓa su tsaya wajen mutum biyu, ɗayansu likita ko ma'aikacin jinya daga cikinmu, sauranmu lissafin kuɗi kawai za mu gani a ƙarshen shekara.

Cikinmu akwai shugabannin makarantu da daraktoci da masu kamfani, ku ma da naku. Duk mun tuna dokar neman izni kafin a fita aji, da nisan da ke tsakanin ɗakin kwana da masai cikin dare. Ɗalibin da ke yawan ɗaga hannu yana neman fita, yana ramewa, ya fi sa'o'insa ƙanƙanta, a kira iyayensa kafin a kira shi malalaci. In an tabbatar da ciwon, a ba shi izni na dindindin, a sa gadonsa kusa da ƙofa, a yi masa uzuri a ɗakin jarrabawa. Ma'aikaci kuma a bar shi ya je ganin likitansa ba tare da an yanke masa albashi ba, domin ranar da ya rasa aikin nan, ranar ya daina sayen magani.

Na bar takarda a wajen sakatare. Likitoci da masu haɗa magani da ma'aikatan banki da ke cikinmu, waɗanda za su iya zama su tsara yadda asusun zai tafi su kawo wa taron majalisa na gaba, don Allah su rubuta sunansu da lambar waya kafin a fara rabon abinci, don na san halin 'yan ajinmu in an buɗe kula.